Tenerife: Yawon Buɗe Ido a Bas da Nauyin da Dutsen Teide Ke Ɗauka

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi, amma ba kowace tafiya ce ke barin wurin da aka ziyarta yadda aka same shi ba. Wannan ita ce matsalar da ta addabi tsibirin Tenerife, mafi girma a cikin tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya, wanda ke cikin Tekun Atlantika kimanin kilomita 300 daga gaɓar Afirka. Mazaunansa ba su cika miliyan ɗaya ba, amma baƙin da ke sauka a cikinsa kowace shekara sun haura miliyan 5, kuma da yawansu burinsu guda ne: su ga dutsen Teide mai aman wuta, wanda tsayinsa ya zarce mita 3,700, kuma babu wanda ya kai shi a duk faɗin Sifaniya.

Hanyar da ta fi sauƙi ga baƙo ita ce ya sayi tikitin bas mai ɗan jagora. Tun da sassafe motar ke bi otal-otal a garuruwan kudu irin su Los Cristianos tana kwasar fasinja, sannan ta kama hawa ta garin Vilaflor. Cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, mutumin da ya baro zafin bakin teku zai ratsa dajin itatuwa, ya wuce saman gajimare, ya tsinci kansa a wani makeken kwari da ake kira Las Cañadas, sama da mita 2,000 daga doron teku, inda babu komai sai narkakken dutse da ya daskare, baƙi da ja da ruwan ƙasa. A nan ake tsayawa ɗaukar hoto a gaban duwatsun Roques de García. Mai hali ya shiga ɗan akwatin da igiyar ƙarfe ke ja zuwa mita 3,555. Ƙarasawa can ƙololuwa kuwa sai da izini na musamman.

Daga nan wasu motocin kan gangara arewa zuwa Garachico. Wannan gari shi ne babbar tashar jiragen ruwan tsibirin har zuwa shekarar 1706, lokacin da aman wuta ya malalo ya cike tashar, ciniki ya koma wasu garuruwa. Aman wuta na ƙarshe a Tenerife ya auku ne a 1909 a Chinyero, kuma abin da ya faru a tsibirin La Palma mai maƙwabtaka a 2021, inda wuta ta yi kwana 85 tana cin gidaje da gonakin ayaba, ya tuna wa jama'a cewa ƙasar tasu barci take yi, ba mutuwa ta yi ba.

To, mai karatu zai iya tambaya, ina laifin wannan yawo? Laifin yana cikin yawa. An mayar da yankin Teide gandun da gwamnati ke karewa tun 1954, hukumar UNESCO kuma ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2007, amma mutane fiye da miliyan 4 ke shiga cikinsa a shekara. Wuraren ajiye motoci kan cika tun hantsi, direbobi su hau gefen hanya, masu neman hoto su tattake tsirran da ba su da wani gida a duniya sai nan, irin su tajinaste mai jan fure da ke tashi sama da tsayin mutum. A ƙauyen Masca, inda hanya ta ƙuntata tana lauje-lauje a bakin rami, babbar mota ɗaya kan tsayar da kowa, har da mazauna wurin da ke hanyar aiki ko asibiti. A watan Afrilun 2024 dubban 'yan tsibiran suka fito zanga-zanga suna neman a sanya iyaka, saboda tsadar hayar gida da ƙarancin ruwa da cunkoso. A ƙarshen shekarar hukumar tsibirin ta sanar da shirin hana manyan motocin baƙi shiga tsaunukan Anaga.

Alal haƙiƙa, ɗora wa bas laifi kacokan kuskure ne. Bas ɗaya mai ɗaukar mutum 50 tana maye gurbin motocin haya fiye da 20, kuma fasinjanta suna ƙarƙashin idon wanda zai ce musu kada su bar turba, kada su ɗebi duwatsu su zuba a jaka. Wanda ya hayo mota shi kaɗai ba shi da mai kwaɓa. Abin da ya kamata shi ne a ƙayyade adadin motocin da ke hawa kowace rana, a raba musu lokutan shiga, a yi amfani da ƙanana a hanyoyi masu ƙunci, sannan a tabbatar kuɗin da baƙi ke kashewa yana sauka a ƙauyukan da ake ratsawa, ba a aljihun kamfanoni kaɗai ba.

Haka nan ɗan jagora yana da hakki a wuyansa. Wanda ya san aikinsa ba zai tsaya ga nuna wurin ɗaukar hoto ba. Zai gaya wa fasinjansa cewa mutanen farko na tsibirin, Guanche, asalinsu Barbar ne daga Arewacin Afirka, dangin Buzaye na nesa, kuma sai a 1496 Sifaniyawa suka gama cin su da yaƙi. Zai gaya musu cewa wani ɓangare na ruwan da suke wanka da shi a otal daga ramukan da aka haƙa cikin tsaunuka yake fitowa, kuma ba ya ƙaruwa don baƙi sun ƙaru.

Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Tsarin da ya wadatar lokacin da baƙi ke zuwa jefi-jefi ba zai ɗauki miliyoyi ba. Hukumomin Tenerife suna da zaɓi: su tsara hawan Teide da hannunsu tun yanzu, ko su jira ranar da tsirran suka ƙare, mazauna suka gaji, baƙin kuma suka nemi wani tsibirin.