18 ga Yuni a Tarihin Waƙa: Daga Liverpool zuwa Daura

Ranar 18 ga watan Yuni tana da muhimmanci a tarihin kiɗa da waƙa, domin abubuwa uku sun faɗo a cikinta a nahiyoyi uku.

A wannan rana a 1942 aka haifi Paul McCartney a birnin Liverpool na Ingila. Shi da John Lennon da George Harrison da Ringo Starr ne 'yan ƙungiyar Beatles, wadda ta mamaye kiɗan zamani har zuwa rabuwarta a 1970. A 1973 McCartney ya zo Legas, inda ya ɗauki mafi yawan kundin waƙoƙinsa mai suna Band on the Run a ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin EMI.

Shi ne kuma ya ba da shawarar a gayyaci Jimi Hendrix, Baƙar fatar Amurka kuma bahago irinsa, zuwa bikin waƙa na Monterey a jihar Kalifoniya. Ranar 18 ga Yuni 1967 aka rufe bikin. Da rana Ravi Shankar na Indiya ya kaɗa sitar. Da dare Hendrix ya gama wasansa, ya durƙusa a gaban jitarsa, ya tsiyaya mata mai, ya ƙyasta mata wuta. Kafin wannan dare a Ingila aka fi saninsa, bayansa kuwa sunansa ya game Amurka. Ya rasu a 1970 yana da shekara 27.

A ƙasar Hausa ranar ta alhini ce. A ranar Juma'a, 18 ga Yuni 1999, Allah ya yi wa Alhaji Mamman Shata rasuwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, aka kai shi Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, aka yi masa sutura. An haife shi a Musawa a 1923, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988.

Salon Shata ya sha bamban da na waɗancan mawaƙa. Ba ya rubuta waƙa. Makaɗa su saƙala kalangu a hammata, suna matsa tsarkiya suna sassautawa har kiɗan ya yi kamar magana, 'yan amshi su riƙe amshi guda, shi kuwa ya yi ta zuba baitoci nan take gwargwadon wanda ke gabansa. Da haka ya yi wa sarakuna da attajirai da direbobi da manoma waƙa, har kumbon Apollo 11 ya samu rabonsa. Bakandamiya ita ce waƙar da ya yi wa kansa kirari a cikinta.

Faifan garmaho da Rediyon Kaduna suka kai muryarsa inda ƙafarsa ba ta taka ba. A garuruwan noma, an saba rataye akwatin rediyo a reshen bishiya ana noma ana saurare. Bayan kaset, yau waƙoƙin suna yawo a wayoyin hannu, ana tura su daga wannan zuwa wancan. Da yake ba a takarda ya bar su ba, faifan da kaset ɗin da suka tsira su ne taskar, kuma duk wanda ya lalace ba a kwafe shi ba ya tafi da waƙarsa.