Kuloci Ya Ƙare: A Mayar da Fulawil na Kamfani ko A Sa Marar Nauyi?

Idan kulocin mota ya ƙare, alamarsa ba ta ɓuya. Direba zai taka totur a giya ta huɗu, inji ya ɗaga murya, allurar juyi ta haura, amma motar ta ƙi ƙara gudu, wani lokaci har da ƙaurin ƙonewa. Daga nan babu wata dabara sai an sauke giyabos. Aikin yakan cinye wuni guda, kuma a ƙasashen da ladan makanike ke da tsada, kuɗin hannu yakan kai na kayan ko ya fi. Shi ya sa masu ƙananan motocin gudu irin su Mazda MX-5 da Nissan 350Z da Porsche 911 suke tsayawa shawara a wannan gaɓar. Tunda an riga an buɗe, ga fulawil nan a fili, 'yan kusoshi kawai ke riƙe da shi, a bar na kamfani ne ko a sa marar nauyi? A Amurka da Japan da Ingila wannan kasuwa ce mai zaman kanta. Kamfanoni irin su Exedy da ACT da Fidanza suna ƙera su iri-iri, kuma abin da mai sayarwa zai gaya maka shi ne motarka za ta farka. Bai yi ƙarya ba. Sai dai kowane allazi da nasa amanu, kuma amanun ba a rubuta shi a jikin kwali.

Fulawil faifan ƙarfe ne mai nauyi da aka ɗaure a ƙarshen kuranshaf. A gefensa akwai haƙoran da kik ke kamawa ya tayar da inji, a fuskarsa kuma faifan kuloci ke mannewa. Amma babban aikinsa yana cikin nauyin nasa. Injin mota bugu-bugu yake ba da ƙarfi. Kowace silinda sau ɗaya take cin wuta a cikin juyi biyu na kuranshaf, sauran tafiya uku na fistin, wato shaƙar iska da matse ta da fitar da hayaƙi, duk ci suke yi ba sa bayarwa. Fulawil ne ke karɓar rarar ƙarfi lokacin bugun, ya mayar da ita lokacin da babu. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da tsohon injin niƙa mai silinda ɗaya, irin ƙirar Lister mai manyan ƙafafun ƙarfe biyu, ya ga wannan aikin ƙiri-ƙiri: inji ya buga sau ɗaya, ƙafafun su ɗauke shi har bugu na gaba, ko an cika masa masara ba ya mutuwa nan take. Inji mai silinda huɗu yana bugu biyu a kowane juyi, mai shida uku, mai takwas huɗu. Saboda haka inji mai silinda kaɗan ya fi bukatar nauyi a bayansa.

Rage wannan nauyin ba ya ƙara wa inji doki ko ɗaya. Mai da iskar da ke shiga silinda ba su canza ba, iyakar gudun motar ma tana nan inda take. Abin da ya canza shi ne rabon ƙarfin. Duk lokacin da juyin inji ke hawa, wani kaso yana tafiya wajen hanzarta fulawil ɗin kansa kafin saura ya kai ga taya. Idan faifan ya yi sauƙi, kason da yake ci ya ragu.

Yawan ribar ya dogara ne da giyar da motar ke ciki, kuma nan ne lissafi yake da daɗi. Mu ɗauki MX-5 ta farko, wadda ta fito a 1989. Nauyinta bai kai tan ɗaya ba, fulawil ɗinta kuma kimanin kilo 8 ne. A giya ta ɗaya, injinta yana yin juyi kusan 13.5 kafin taya ta juya sau ɗaya. A giya ta biyar kuwa juyi 3.5 ne kacal. Nauyin da motar ke ji daga fulawil yana tafiya ne da wannan adadin idan aka ninka shi da kansa. A ce an cire kilo 4 daga wajen da ke santimita 12 daga tsakiyar faifan. Idan aka buga lissafin da girman tayarta, a giya ta ɗaya tamkar an sauke wa motar kaya sama da kilo 120 ne. A ta biyu kimanin kilo 45. A ta biyar bai kai kilo 10 ba. Mai tuƙi a hanyar dutse mai kwana-kwana, ko a ƙaramin filin tsere inda giya ta biyu da ta uku ke shan aiki, zai ji bambancin tun kwanar farko. Mai doguwar tafiya a miƙaƙƙiyar hanya kuwa ya biya kuɗin abin da ba zai mora ba.

Wannan lissafin ya kuma nuna cewa sikeli kaɗai ba ya faɗin gaskiyar fulawil. Kilo ɗaya da ke santimita 15 daga tsakiya yana wahalar da inji daidai da kilo 9 da ke santimita 5. Fayafai biyu za su iya yin nauyi ɗaya a sikeli, amma wanda aka rarake gefensa ya fi wanda aka rarake tsakiyarsa sauƙin juyawa nesa ba kusa ba. Mai saye ya juya faifan ya duba inda aka ɗebe ƙarfen.

A kan hanya, abin da direba zai fara ji shi ne inji yana amsa ƙafa. Ka taɓa totur allura ta tashi, ka saki ta faɗo. Wanda ya iya daidaita juyin inji da ɗan taɓa totur lokacin saukowa giya zai ji daɗin haka ƙwarai. Wanda hannunsa ke da sanyi wajen canjin giya kuwa zai tarar juyin ya riga ya faɗi ƙasa kafin ya saki kuloci, motar ta yi fizga. Babbar jarrabawar ita ce tashi daga tsaye. Ƙarfin da fulawil mai nauyi ya tara shi ke taimaka wa mota ta motsa a daƙiƙar farko. Idan babu shi, ko dai motar ta mutu, ko direba ya ƙara totur yana jan kuloci a hankali, wanda hakan ke cinye sabon faifan da aka saya. A haɗa da gosulo da hawan tudu da esi a kunne, sai tuƙi ya koma aiki. Porsche Carrera GT, mai ƙaramin kuloci na santimita 17 da inji mai saurin juyi, ta yi suna wajen mutuwa a hannun wanda bai saba da ita ba. Ko masu tseren miƙe na gajeren zango da ƙananan injuna sukan bar ɗan nauyi da gangan, don kada juyi ya faɗi a lokacin tashi.

Akwai kuma batun ƙara, kuma a ganina shi ne ya fi sa mutane nadama. Motoci da yawa na zamani suna zuwa da fulawil mai ɓangare biyu, wanda kamfanin LuK na Jamus ya fara ƙerawa da yawa a 1985. Ɓangare ɗaya yana ɗaure da inji, ɗayan yana fuskantar kuloci, a tsakaninsu akwai lanƙwasassun sifirin da ke shanye girgizar bugun inji kafin ta isa giyabos. Yana da nauyi, yana da tsada, idan ya lalace kuma canzawa ake yi. Wannan ne ke sa mutum ya ce gara ya sa guda ɗaya marar nauyi ya huta. To amma da zarar an cire sifirin ɗin nan, girgizar takan wuce kai tsaye zuwa haƙoran giya. Mota tana tsaye a firi sai ka ji ƙarara-ƙarara daga ƙarƙashinta, ka taka kuloci ƙarar ta ɗauke, ka saki ta dawo. Idan esi ya kama ko man giya ya yi zafi sai ta ƙaru. Masu 350Z sun san wannan sarai. Duk wanda zai yi wannan canjin dole ya sayi faifan kuloci mai sifirin a tsakiyarsa, domin faifan da ke tafiya da fulawil mai ɓangare biyu yawanci ba shi da su. Hakan yana rage ƙarar, amma ba ya kashe ta. Abin lura ne cewa Porsche da kanta ta sa fulawil guda ɗaya marar nauyi a Carrera RS ta farkon shekarun 1990 da GT3 RS ta zubin 997, motocin da masu sayensu suka yarda da hayaniya tun daga shago, ta kuma bar mai ɓangare biyu a cikin 911 ta yau da kullum.

Fulawil na kamfani galibi zubabben ƙarfe ne. Na kasuwa iri biyu ne: na ƙarfen kuromoli guda ɗaya, da na alminiyam wanda aka ɗaura wa fuskar ƙarfe da zoben haƙora. Alminiyam kusan sulusin nauyin ƙarfe yake, shi ya sa ya fi sauƙi, fuskarsa kuma ana iya kwance ta a sa sabuwa. Kuromoli ya fi jure zafi kuma babu abin da zai kwance a jikinsa.

Abin da nake roƙon kowa ya guje shi ne kai fulawil na kamfani wurin mai injin feƙe ƙarfe a ce ya rage masa nauyi. Goge fuska kaɗan don ta yi sumul daban ne, wannan aikin yau da kullum ne. Amma zubabben ƙarfe ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi, kuma tsohon faifai yana iya ɗauke da ƙananan tsagu na zafi da ido ba ya gani. Faifai mai faɗin santimita 30 da ke juyi 7,000 a minti, gefensa yana gudun kusan kilomita 400 a awa, kuma duk lokacin da juyi ya ninka biyu, ƙarfin da ke neman tarwatsa shi ya ninka huɗu. A motar da injinta ke gaba tana ja da ƙafafun baya, wannan faifan yana daura da ƙafafun direba. Saboda irin wannan haɗarin ne hukumar tsere ta NHRA a Amurka ta wajabta wa motoci masu gudu sosai fulawil mai shaidar inganci ta SFI da murfin ƙarfe mai tare ɓaraguzai.

Kafin a biya kuɗi, a tabbata faifan na wannan injin ne takamaimai. Wasu injuna suna dogara da wani nauyi da ke jikin fulawil don daidaita juyinsu. Injin Ford 302 ya canza girman wannan nauyin a farkon shekarun 1980, wanda ya haɗa tsoho da sabo zai samu girgiza mai cin boris. Injin rotari na Mazda RX-7 da RX-8 yana bukatar a sayi nauyin daidaitawa daban. A wasu motocin Turai, sansa yana karanta matsayin kuranshaf ne daga haƙoran da ke jikin fulawil, idan ba su dace ba motar ba za ta tashi ba sam. Kwamfutar mota ma tana gane silindar da ta ƙi cin wuta ne ta lura da sauyin gudun kuranshaf, don haka faifai mai sauƙi ƙwarai yana iya sa fitilar inji ta kama alhali lafiya lau.

Ga motar da ake zuwa aiki da ita, a kuma ɗan sake ta ranar hutu, ni zan zaɓi kuromoli mai matsakaicin nauyi, wanda bai yi ƙasa da rabin na kamfani ba, tare da faifai mai sifirin. Mafi sauƙin nan na alminiyam a bar wa motar da filin tsere ne gidanta. Wanda kuma shirun mota ya dame shi, ya sayi irin na kamfani sabo, bai yi asarar komai ba.

Ranar ɗaurawa, a sa sababbin kusoshi, domin na motoci da yawa sau ɗaya ake ɗaure su. A bi su a gicciye da sifana mai awo gwargwadon abin da littafin motar ya faɗa. A canza sil na bayan inji da ƙaramin boris na tsakiyar kuranshaf da boris na sakin kuloci, tunda sake kaiwa gare su sai an sake sauke giyabos. A wanke man da aka shafa wa sabon faifan don hana tsatsa kafin kuloci ya taɓa shi. Bayan haka masu ƙera kuloci sukan nemi a yi kimanin kilomita 800 na tuƙin cikin gari, ana tsayawa ana tashi ba tare da fizga ba, kafin a fara matsa wa motar.