Gida ɗaya, ɗakuna da yawa: yadda kowane shafi ke samun kamanninsa a WordPress Multisite

Duk wanda ya zauna a Adjamé ko Treichville ya san gidan haya irin na Abidjan, wanda ake kira cour commune: ƙofar waje ɗaya, famfo ɗaya, amma kowa da ɗakinsa. Ɗan haya yana iya shafa fentin da yake so a ɗakinsa, amma ba ya fasa katangar gida. Haka tsarin Multisite na WordPress yake, kuma ƙungiyar da ke son buɗe shafukan intanet da yawa a kan kuɗin masauki ɗaya tana bukatar fahimtar wannan kafin ta ba wani kwangila.

WordPress ya fito ne a 2003, daga hannun Matt Mullenweg da Mike Little. A watan Yunin 2010, da fitowar WordPress 3.0, aka haɗa masa damar ɗaukar shafuka da yawa a girke ɗaya. A ɗauki misalin wata ƙungiyar Hausawa mai shafuka uku: na labarai da Hausa da Faransanci, na masu sayar da wayoyi a Black Market ta Adjamé, da na makarantar Islamiyya a Treichville. Kowanne yana da adireshinsa da rubuce-rubucensa da hotunansa, amma manhajar da ke ƙarƙashinsu guda ce.

Wa ke riƙe da makulli?

Tsarin ya raba iko gida biyu. Akwai babban mai kula, wanda shi ne mai gida, akwai kuma mai kula da kowane shafi. Babban mai kula kaɗai ke iya girka rigar shafi, wadda allon Faransanci ke kira thème, da ƙananan manhajojin ƙari, wato extensions. Yana iya buɗe riga ga dukkan shafuka, ko ya buɗe ta ga shafi ɗaya tak. Mai kula da shafi yana zaɓa ne kawai daga cikin abin da aka buɗe masa.

Dalilin wannan tsanani shi ne, fayilolin kowace riga kwafi ɗaya ne a gidan gaba ɗaya. Idan shafuka uku na sanye da riga ɗaya, aka taɓa fayilinta don a mayar da kan shafin makaranta kore, shafin masu wayoyi ma zai wayi gari kore. Ranar da aka sabunta rigar kuma, gyaran ya goge.

Hanyoyin gyara ba tare da taɓa maƙwabci ba

Hanya ta farko ita ce allon gyara na shafin kansa. Tambari, launi, jerin maɓallai da harshen shafi duk ana ajiye su ne a rumbun bayanan wannan shafin, ba a cikin fayilin riga ba. Tun WordPress 5.9, wanda ya fito a Janairun 2022, sababbin riguna suna ba mai shafi damar sauya fasalin kai da ƙasan shafi daga wannan allo, kuma sauyin ba ya tsallakawa ɗakin wani.

Hanya ta biyu ita ce ɗiyar riga, thème enfant. Ƙaramar riga ce da ke gadon komai daga uwarta, sai abin da aka sauya kawai ake rubutawa a cikinta. Babban mai kula zai girka ta, ya buɗe ta ga shafin da ke bukata. In an sabunta uwar, gyaran ɗiyar yana nan.

A nan masu rubutu da Hausa suke da bukata ta musamman. Riguna da yawa suna nuna é da ç na Faransanci lafiya lau, amma su kasa da ɓ, ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar. Sai harafin ya fito a karkace, ko ya zama ɗan akwati. Salon rubutu irin Noto Sans ko Andika yana ɗauke da su, kuma ana iya sa shi a shafin Hausa kaɗai.

Manhajojin ƙari: na kowa da na mutum ɗaya

Manhajar da aka kunna ga gida gaba ɗaya, mai shafi ba ya iya kashe ta. Wannan ya dace da abubuwan tsaro da ajiye kwafin bayanai. Sauran kuwa gara a girka su a bar kowa ya kunna wadda yake so, bayan babban mai kula ya ba da wannan izini a saitin gidan. Masu wayoyi suna bukatar WooCommerce, da farashi a sefa, da hanyar karɓar kuɗi ta Orange Money, MTN MoMo ko Wave. Makaranta ba ta bukatar ko ɗaya, kuma ɗora mata su zai nauyaya shafin ya cinye wa iyaye kuɗin intanet a banza. Shafin labarai shi ke bukatar manhajar harsuna biyu kamar Polylang.

Sai dai famfon ɗaya ne. Manhajar da ke da ɓaraka, in 'yan kutse suka samu shiga ta nan, duk shafukan suna cikin haɗari. Rajistar masu shiga ma ɗaya ce ga gidan duka, kuma a Côte d'Ivoire dokar kare bayanan mutane mai lamba 2013-450, ta Yunin 2013, ta ɗora wa mai tattara su alhaki, a ƙarƙashin sa idon hukumar ARTCI.

Abin da ya kamata a rubuta tun farko

Zama tare yakan ƙare. Ana iya fitar da rubuce-rubucen shafi a koma da su wani masauki, amma saitin riga da na manhajoji ba sa bin su kai tsaye, sai an sake aiki. Don haka yana da kyau kowane reshe ya yi rajistar adireshinsa da sunansa, ko da mai ƙarewa da .ci ne ko wani, tunda WordPress yana yarda kowane shafi ya ɗauki adireshi nasa na kansa. A kuma rubuta a takarda wa ke da ikon babban mai kula, a tabbatar mutum biyu ne amintattu, domin in mai makulli ɗaya ya tafi Maraɗi ko Kano ganin gida aikin kowa bai tsaya ba.

Shagon da cinikinsa ya yi girma, mai bukatar manhajojin da sauran ba su amince da su ba, ya fi masa sauƙi ya kama gidan kansa tun da wuri.