Dusa, Ruwan Tsami da Sirrin Laisin



Duk mai haɗa abincin kaji ko kifi da kansa ya san laisin, garin nan da ake zuba ɗan kaɗan amma kuɗinsa sai a hankali. Ashe ƙwayoyin bakteriya ne ke yin sa. A 1956 masu bincike a Japan suka gano irin ƙwayar, yau kuma a manyan tankuna ake kiwonta, ana ciyar da ita da sitacin masara ko ragowar maɗin rake. Wato rarar amfanin gona suke juyawa, mu kuma mu saya da tsada.

Wannan ya sa na dubi namu. Da kaka, dusar masara da gero da dawa araha take a injinan niƙa nan Ƙaura Namoda, haka a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Abokina na Zurmi kuwa, in hanya ta ƙi daɗi, buhun abincin kamfani ma ba ya iso masa. Ba mu da tanki, amma muna da ruwan tsamin gasara, shi ma cike yake da bakteriya masu amfani.

Ga yadda nake yi: in zuba dusa a roba mai murfi, ruwa ya sha kanta, in ƙara kofi ɗaya na ruwan tsamin. Kullum in motsa. Kwana 3, ƙamshi kamar na koko ya tashi. Sai in tsane, in gauraya da sauran haɗi daidai cin yini ɗaya. Tsamin na tausasa dusa, yana rage miyagun ƙwayoyin hanji. Na kifi kuwa sai an murza an shanya, kada ruwan tafki ya lalace.

Amma fa wannan ba ya yin laisin, ba ya maye gurbin waken suya.

Kuma ku ji kuskurena. Bara na sayi tunkuza mai funfuna saboda araha, na ce tsami zai gyara ta. Cikin 'yan tsaki 200, 40 suka tafi. Gubar funfuna, aflatoksin, tsami ba abin dogaro ba ne a kanta. Araha ba ta ado, jama'a. In ka ga kore ko baƙi, ko ka ji ɗoyi, zubar kawai.

Fara da kaji 10 ka gani tukuna. Allah ya sa albarka a kiwonmu.