Ko Kun Sani? Kano da Kofin Firimiyar Najeriya

Raccah Rovers ce ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano da ta fara lashe gasar lig ta Najeriya, a shekarar 1978. Kano Pillars kuwa, wadda magoya baya ke yi wa kirari da "Sai Masu Gida", a 1990 aka kafa ta. Ta ɗauki kofin a 2008, sannan ta jera shi sau uku: 2012, 2013 da 2014. Babbar bajintarta a Afirka ita ce ta 2009, lokacin da ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin zakarun nahiyar, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. A Kano Pillars ne Ahmed Musa ya yi suna da ƙwallaye 18 a kakar 2009/2010, kafin ya wuce Turai.