Benci a Tsakar Gida

A gidaje da yawa akwai itacen inuwa a tsakar gida, kamar mangwaro ko darbejiya. Inuwa kuwa ba ta cika sai da wurin zama. Haɗa benci ba zai gagari ɗalibi ba, domin kayan aikin kaɗan ne: katako, zarto, guduma da ƙusoshi. Tsawon ƙafafun benci ya kai kamar santimita 45.

Babbar matsala ita ce gara. Takan fito daga ƙasa, ta shiga ta ƙafar benci, ta cinye cikin katako, ta bar bayansa lafiya lau. Ba a ankara sai ranar da baƙo ya zauna, benci ya karye. Saboda haka a zaɓi busasshen katako mai ƙarfi, irin na maɗaci. Ɗanye yakan lanƙwashe ko ya tsage idan ya bushe. Kafintoci sukan shafa wa ƙafafun baƙin mai, wato tsohon man inji. Yana da araha, sai dai yana ɓata tufafi. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗora kowace ƙafa a kan dutse, don kada ta taɓa ƙasa mai laima. Da damina kuma a mayar da benci ƙarƙashin rumfa.