Kafin Ka Tallata Haja, San Mai Saye

Hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, ta ga lokacin da Katsina take babban zangon ayarin Sahara. Wangarawa daga ƙasar Mali, Larabawan Gadamas da Buzayen Azbin duk sun sauke kaya a birnin. Baƙon ɗan kasuwa na wancan zamani ba ya shiga gari yana shelar hajarsa. Gidan fatoma yake sauka. Fatoma ne ya san wanda ke neman gishiri, da wanda ke biyan bashi a kan lokaci, da wanda sai an kai ruwa rana. Shi zai haɗa baƙo da dillali, ya tsaya shaida, ya karɓi la'adarsa. Wannan tsari bai mutu da ayari ba. Masanin nan Abner Cohen ya tarar da shi a unguwar Sabo ta Ibadan, ya kuma bayyana a littafinsa na 1969 yadda ake sayar da shanun Arewa bashi ga mahauta bisa lamunin maigida, wato fatoman, kawai.

Jikokin waɗancan fatake yanzu a waya suke neman ciniki. Dandalin da ya fi shahara wajen haɗa ma'aikata da 'yan kasuwa shi ne LinkedIn, wanda aka buɗe a Amurka a 2003, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2016 kan dala biliyan 26.2, mambobinsa kuma sun haura biliyan ɗaya tun 2023. Bambancinsa da Facebook ko TikTok shi ne kowa da sunan aikinsa ya zo: wannan manajan saye ne, wancan mai kamfanin sarrafa abinci. Matashin da ke zaune a Ƙofar Soro da buhunan riɗi ko zoɓo, ko wadda ta gama Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua tana tsara manhaja, na iya aika wa irin waɗannan mutane saƙo kai tsaye, ko suna Legas ko Istambul.

Sauƙin nan shi ke ɓata mana lamari. Sai mutum ya rubuta saƙo guda, ya cika shi da kirarin kayansa, ya watsa wa duk wanda ya gani, sunan da ke sama kawai yake canzawa. Mai karɓa kullum yana ganin irinsa, tun daga layin farko yake gane ba dominsa aka rubuta ba. Ga kuma wani nauyi da ɗan Najeriya ke ɗauke da shi ba da laifinsa ba: wasiƙun 'yan damfara, waɗanda aka laƙaba wa lambar sashe na 419 na dokar manyan laifuka, sun sa duk saƙon ba-zata daga ƙasar nan ana yi masa kallon tuhuma. Shi kansa LinkedIn yana ƙayyade yawan gayyatar da mutum zai aika, ya kuma haramta manhajojin da ke tura saƙonni da kansu. Mai yin haka yana iya wayar gari an rufe masa shafi.

Aikin da fatoma yake yi wa baƙo, yanzu mai kaya ne zai yi wa kansa rabinsa, wato bincike. Kafin ka rubuta komai, karanta shafin mutumin. Mene ne muƙaminsa, shi ke yanke shawarar saye ko wani ne a samansa? Me kamfaninsu ke sarrafawa? Me ya rubuta kwanan nan? A ce wata manajar saye a kamfanin kayan sha ta koka cewa zoɓon da ake kawo musu yana zuwa da yashi da danshi. To ka samu ƙofa. Ɗan bayanin da ake haɗawa da gayyata bai wuce haruffa 200 zuwa 300 ba, don haka babu wurin surutu. Ka ce ka ga kokenta, ka ce kai daga Katsina kake, a kan tamfol kuke shanya naku, kuna tankaɗe shi kafin a zuba a buhu, kuma a shirye kake ka aika samfuri. Kada ka saka farashi, kada ka liƙa kundin kaya. Amsa kake nema a saƙon farko, ciniki yana gaba. A ganina saƙo goma irin wannan a mako sun fi ɗari biyar na watsi, ko da yake sun fi cin lokaci nesa ba kusa ba.

Gaisuwa ma sai an duba. Idan Alhaji ne mai sito a kasuwar Dawanau, kuskure ne ka faɗa masa da maganar kaya babu sallama, babu "ranka ya daɗe", babu tambayar iyali da kasuwa. Irinsa ma sau da yawa saƙon murya a WhatsApp ya fi isa gare shi fiye da rubutu a LinkedIn. Idan kuwa Bajamushe ne, layi uku na gaisuwa zai sa ya ɗauka roƙo ne ke tafe. Ka duba yadda mutum ya rubuta sunansa da muƙaminsa, ka kira shi da hakan. Mace kuma, Hajiya ce ko baƙuwa, a tsaya kan aikinta, a bar zancen hotonta.

Ɗaya rabin aikin fatoman shi ne shaida, shi kuwa mutum ba ya yi wa kansa. LinkedIn yana nuna maka wanda kuka yi tarayya da shi wajen sani, tsakaninka da wanda kake nema. Je ka roƙi wannan na tsakiyar ya gabatar da kai, ko da da layi biyu ne. Mun daɗe da sanin cewa "wane ne ya turo ni" yana buɗe ƙofar da sallama kaɗai ba ta buɗewa. Sannan wanda ka aika wa saƙo, shafinka zai fara leƙawa. Ya kamata ya tarar da hotonka na gaskiya, da rajistar kamfani ta hukumar CAC, da takardar hukumar NEPC idan fitar da kaya waje kake yi, da hotunan sitonka, ba waɗanda aka kwaso daga intanet ba.

Binciken ma yana da iyaka. Abin da mutum ya rubuta game da aikinsa, don a gani ya rubuta shi. Amma ka tono sunan 'yarsa ko unguwar da yake kwana ka saka a saƙon talla, wannan tsoratarwa ce. Haka nan lambar wayar da aka saya a hannun masu tara lambobi. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta ba kowa ikon cewa a daina amfani da bayanansa wajen tallata masa kaya. Idan ka aika aka yi shiru, ka bari a kwana bakwai ko goma, ka sake tuntuɓa sau ɗaya da wani sabon bayani, misali sabon zoɓo ya shigo kasuwa. In har ya ce ba ya so, sai ka yi godiya, ka cire sunansa daga jerinka.